Laennec: Likitan huhun da ya raɗa wa cutar hanta suna

A watan Agustan 1819 aka fitar da wani littafi mai juzu'i biyu a birnin Paris na ƙasar Faransa, wanda tun daga bangon farko har na ƙarshe maganar huhu da zuciya yake yi. Kuɗinsa faran 13 ne, wanda kuma ya ƙara faran uku, mai kantin zai haɗa masa da wani bututun katako mai tsawon kusan ƙafa guda. Wannan bututu shi ne kakan abin da kowane likita yake ratayawa a wuya a yau domin sauraren ƙirjin majinyaci. Marubucin littafin, wanda shi ne ya ƙirƙiro bututun, wani likita ne gajere, siriri, mai yawan laulayi, sunansa René Laennec.

A ƙasan wani shafi na littafin, a irin gurbin da malamai ke kira hashiya, Laennec ya ɗan kauce daga zancen ƙirji, ya yi 'yan layuka a kan hantar wani mamaci. A nan ya raɗa wa cutar ƙanƙancewar hanta sunan da likitocin duniya suke kiranta da shi har yau, wato sirosis. Ta haka huhu da hanta suka haɗu a shafi ɗaya a hannun mutum ɗaya, shekaru da dama kafin a gane cewa a jikin majinyaci ma haɗe suke, kuma jijiyoyin jini ne suka haɗa su.

Maraicin uwa da zamanin fille kai

An haifi René-Théophile-Hyacinthe Laennec a ranar 17 ga Fabrairun 1781 a garin Quimper da ke lardin Bretagne, can ƙuryar yammacin Faransa a bakin teku. Lardi ne mai harshensa na kansa, wanda ya sha bamban da Faransanci. Mahaifinsa lauya ne, amma ya fi ba rubuta waƙoƙi da neman shiga wurin manya muhimmanci a kan kula da iyali. Mahaifiyarsa ta rasu a 1786 yana da shekara biyar, kuma masana tarihi sun fi karkata ga cewa tarin fuka ne ya kashe ta. Uban ya kasa riƙon 'ya'yan, sai aka kai René da ƙanensa Michaud wurin wani ɗan'uwan mahaifinsu, limamin coci a ƙauyen Elliant. A 1788 aka sake ɗauke su zuwa birnin Nantes, gidan baffansu Guillaume Laennec, likita kuma malami a jami'ar garin. Wannan baffa shi ya zame masa uba na haƙiƙa.

Shekara guda da zuwansu juyin juya halin Faransa ya ɓarke. Nantes na cikin garuruwan da suka fi ɗanɗana kuɗarsu: a tsakanin 1793 da 1794 an riƙa lodin fursunoni a jiragen ruwa ana nutsar da su a kogin Loire, kuma an kafa na'urar fille kai a dandalin Bouffay, inda tagogin gidan Guillaume suke kallo. Yaron da ya tashi a irin wannan yanayi ya girma da riƙo da addininsa na Katolika da ƙaunar sarauta, a zamanin da dukkansu biyun suke iya jawo wa mutum asarar rai, daga baya kuma asarar muƙami.

Yana da shekara 14, a 1795, ya fara koyon aikin likita a asibitocin Nantes, yana wanke raunukan sojoji yana ɗaure su. Ya iya Latinanci da Girkanci, yana busa sarewa, yana son yawo a daji. Abin da ya hana shi tafiya Paris da wuri shi ne kuɗi, domin uban ya yi ta jan ƙafa. Sai a 1801 ya samu ya tafi.

Paris, inda gawa take koyarwa

Ya iske Paris tana kan ganiyarta a fagen likitanci. Juyin juya hali ya rushe tsoffin makarantu, ya tara marasa lafiya dubbai a manyan asibitocin gwamnati, ya kuma buɗe ƙofar binciken gawa. Sabuwar hanyar da malamai irin su Xavier Bichat da Jean-Nicolas Corvisart suka kawo ita ce a lura da majinyaci da kyau yana raye, idan ya mutu a buɗe jikinsa a ga wace gaɓa ce ta lalace, sannan a haɗa abin da aka lura da abin da aka gani. Kafin wannan, cuta a wurin likita tarin koke-koke ce kawai: zazzaɓi, tari, kumburi, haki.

Laennec ya zauna a gaban Corvisart a asibitin Charité. Corvisart, wanda ya zama likitan Napoleon, shi ya farfaɗo da dabarar wani likitan Austriya mai suna Auenbrugger ta ƙwanƙwasa ƙirji da yatsu, kamar yadda mai sayen tulu yake ƙwanƙwasa shi ya ji ko da tsaga. Ƙirji mai iska yana amsawa, wanda ruwa ya cika kuwa sai ya yi dum.

Ɗalibin daga Bretagne bai daɗe ba ya yi fice. A 1802 ya wallafa bayani a kan kumburin tantanin ciki wanda aka daɗe ana komawa gare shi. A 1803 ya lashe kyautar farko a fannin magani da ta fannin tiyata, kuma a wannan shekarar ya bayyana wani siririn tantani da ya lulluɓe hanta, wanda wasu littattafai suke kira da sunansa har yanzu. Ke nan hanta ta shiga aikinsa tun kafin huhu ya sa ya shahara. A 1804 ya kammala digirinsa da rubutu a kan koyarwar Hippocrates. Ya kuma yi rigima mai zafi da fitaccen likitan tiyata Guillaume Dupuytren a kan wane ne ya fara tsara cututtukan gaɓoɓi aji-aji, rigimar da ta nuna cewa ƙaramin jikinsa bai hana shi taurin kai ba.

A shekarun ɗalibtar ne zarto ya yanke shi a yatsa yana yanka ƙashin bayan wani da tarin fuka ya kashe. Wani ɗan ƙullutu ya fito a wurin, ya ƙona shi da magani, ya ci gaba da aikinsa. Shi da kansa ya ba da labarin daga baya a littafinsa, ba tare da ya ɗauke shi da wani nauyi ba.

Duk da wannan hazaƙa, sama da shekara goma bai samu kujerar babban likita a asibitin gwamnati ba. Ya rayu da duba masu hali a gidajensu, cikinsu har da Kadinal Fesch, kawun Napoleon. Ƙanensa Michaud ya mutu a 1810, amininsa Gaspard Bayle, wanda ya ƙware a binciken tarin fuka, shi ma cutar ta ɗauke shi a 1816. A 1814, lokacin da sojojin Napoleon da aka raunata suka cika asibitin Salpêtrière, Laennec ya nemi a ware masa 'yan Bretagne waɗanda ba sa jin Faransanci, ya riƙa yi musu magani yana yi musu magana da harshen iyayensu. Sai da sarauta ta dawo, kuma wani abokinsa ya samu muƙami a ma'aikatar cikin gida, sannan a 1816 aka naɗa shi likita a asibitin Necker.

Takardar da aka naɗe

A wannan shekarar ce aka kira shi ya duba wata matashiya mai alamun ciwon zuciya. Tana da ƙiba, don haka ƙwanƙwasa ƙirji bai gaya masa komai ba. Hanyar da ta rage ita ce ya ɗora kunnensa kai tsaye a ƙirjinta, kamar yadda wasu likitoci suke yi tun zamanin Girkawa, amma kunya da mutunci suka hana shi. Sai ya tuna cewa idan aka karci ƙarshen gungumen katako da allura, wanda ya sa kunne a ɗaya ƙarshen yana jin ƙarar sarai. Ya ɗauki tarin takardu ya naɗe su tamau, ya ɗora baki ɗaya a saitin zuciyarta, ya sa kunne a ɗayan. Bugun zuciyar ya zo masa fiye da yadda ya taɓa jin sa.

Mutane da yawa za su tsaya a nan su yi ta ba da labari. Laennec kuwa ya koma Necker ya shafe shekara uku yana aikin da ya fi ƙirƙirar wahala. Ya koyi murza katako, ya riƙa sassaƙa bututun da hannunsa, yana gwada itace iri-iri da faɗin rami daban-daban. Ya sa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar duba ƙirji, sunan da ya zama sitetoskof. Sannan ya bi gadaje ɗaya bayan ɗaya yana saurare, yana rubuta abin da ya ji, idan majinyaci ya mutu ya buɗe ƙirjin ya nemi abin da ya haifar da sautin. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Shi sai ya mai da gani mai tabbatar da ji, har ta kai idan ya ji sauti a ƙirjin mai rai yana iya faɗin abin da wuƙa za ta tarar.

Babu sunayen waɗannan sautuka a kowane harshe, don haka dole ya ƙirƙira. A nan kunnen mai busa sarewa ya yi masa rana. Wani sautin ya kwatanta shi da ƙarar gishiri a kan kasko mai zafi, wani da kukan kurciya, wani da minshari, wani da ƙarar allura idan ta taɓa kofin ƙarfe. Idan ruwa ya taru a tantanin huhu, muryar majinyaci takan iso kunnen likita tana rawa ta hanci, sai ya kira wannan muryar akuya. Idan tarin fuka ya haƙa kogo a huhu, maganar majinyaci takan fito ta bututun kamar daga ƙirjin take fita, ya kira wannan ƙirji mai magana. Kalmar Faransanci da ya zaɓa wa sautukan majina ita ce wadda jama'a suka sani da kakarin mutuwa, saboda haka a gaban marasa lafiya yakan musanya ta da ta Latinanci don kada ya tsorata su.

Da wannan hanya ya bambance cututtukan da a da ake cusa su a buhu ɗaya: namoniya, buɗewar hanyoyin iska, kumburin huhu da iska, taruwar ruwa, shigar iska tsakanin huhu da haƙarƙari, da zubar jini a cikin naman huhu. Ya kuma tsaya a kan cewa tarin fuka cuta ɗaya ce duk inda ta bayyana a jiki da kowace siffa, ra'ayin da aka yi ta jayayya da shi har sai da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882. A wajen zuciya dai kunnensa ya yi tuntuɓe. Ya ji sautuka biyun nan da kowane bugu yake da su, amma ya ɗauka na biyun motsin ɗakunan sama na zuciya ne, alhali ƙarar rufewar ƙofofin manyan jijiyoyi biyu ne, wadda take kai jini jiki da wadda take kai shi huhu. Wannan sauti na biyu zai sake fitowa a labarin hanta.

Hantar tsohon soja

Cikin majinyatan da ya kawo labarinsu a littafin akwai wani mutum mai shekara 47 da ya taɓa aikin soja. Saboda ƙirjinsa aka sa shi a littafin: ruwa mai jini-jini ya taru a tantanin huhunsa. Amma cikinsa ma ya cika da ruwa, kuma da aka buɗe gawar sai Laennec ya tarar hantar ta motse ta koma kusan kashi ɗaya cikin uku na girmanta, ta ɓuya a ƙarƙashin haƙarƙari. Da ya yanka ta, sai ya ga duk ta zama ƙananan ƙulle-ƙulle, daga mai girman ƙwayar gero zuwa wanda ya ɗan fi haka, launinsu rawaya mai duhu. Daga kalmar Girkanci ta wannan launi, kirros, ya samo sunan.

Ba shi ne ya fara ganin irin wannan hanta ba. John Browne a Ingila ya bayyana ta a 1685, Matthew Baillie ya yi bayaninta a 1793 har ya danganta ta da shan barasa. Fassarar da Laennec ya yi mata ma kuskure ce: ya ɗauka ƙulle-ƙullen wani baƙon nama ne da ya tsiro a cikin hantar. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne naman hantar ne da kansa yake ƙoƙarin sake tsirowa, tabo kuma ya kewaye shi ya shaƙe shi. Amma sunan ya zauna, domin gajere ne kuma ya zo a cikin littafin da duk likitocin Turai suke karantawa. Daga baya aka riƙa kiran nau'in da barasa ke haddasawa da sirosis ɗin Laennec, abin da ya taimaka wajen ɗaure cutar da kwalba a tunanin mutane. A Afirka ta Yamma kuwa, har da Arewacin Najeriya da Nijar, babban mai kai hanta ga wannan hali shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda da yawa suke ɗauka tun suna jarirai ko ƙananan yara, ba su taɓa kusantar giya ba.

Abin da bututun bai iya ji ba

Hanta ita ce mashigar duk jinin da ya taso daga hanji da saifa. Idan tabo ya toshe ta, jinin yakan taru ya yi ƙarfi a babbar jijiyar da ke shiga cikinta, ya nemi wasu hanyoyi ya zagaye ta. Abubuwan da ya kamata hanta ta tace sai su wuce kai tsaye zuwa zuciya, daga zuciya kuma tasha ta gaba ita ce huhu. Laennec ya mutu bai san abin da wannan jini yake yi wa jijiyoyin huhu ba, kuma an ɗauki fiye da ƙarni guda ana tattara amsar.

A 1884 wani likita mai suna Flückiger ya ba da labarin wata mata mai ƙanƙancewar hanta wadda leɓɓanta suka yi shuɗi, kan yatsunta suka kumbura kamar makaɗin ganga, alhali ba a sami ciwon zuciya ko na huhu da zai bayyana hakan ba. A 1956 Rydell da Hoffbauer a Amurka suka nuna hanyoyin jini da suka buɗe fiye da ƙima a huhun wani matashi mai ciwon hanta. A 1966 wasu masu bincike a Landan, cikinsu har da Sheila Sherlock, wadda ake ɗauka uwar ilimin hanta na zamani, suka ɗura wani sinadari a jijiyoyin huhun mamata masu sirosis, suka ga ƙananan jijiyoyin sun faɗaɗa sosai. A 1977 Kennedy da Knudson suka ba yanayin sunan da ke nufin ciwon hanta da huhu.

Yadda abin yake shi ne, a huhu mai lafiya jijiyoyin da ke kewaye da jakunkunan iska sirara ne ƙwarai, har ƙwayoyin jini sai sun bi layi ɗaya-ɗaya, kowace ta ɗauki iskar oksijin ta wuce. Idan jijiyoyin suka buɗe, jini yakan kwarara da yawa da sauri, na tsakiya ya wuce bai sami iska ba, ya koma jiki kamar yadda ya zo. Da yake buɗewar ta fi yawa a ƙasan huhu, majinyacin yakan fi jin haki idan ya tashi zaune ko tsaye, ya sami sauƙi idan ya kwanta, akasin mai ciwon zuciya wanda kwanciya ke shaƙe shi. Likita zai iya ɗora abin saurare a ƙirjin irin wannan mutum ya ji iska tana shiga tana fita lafiya lau, babu ƙarar gishiri, babu muryar akuya. Na'urar Laennec iska da ruwa take ji, faɗin jijiya kuwa ba shi da sauti. Abin da ke tona asirin a yau shi ne 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta auna oksijin, sai kuma gwajin da ake kaɗa ruwan gishiri ya yi ƙananan kumfa a ɗura a jijiyar hannu ana kallon zuciya a na'urar hoto. Huhu mai lafiya yakan tare kumfan. Idan suka ɓullo a ɓangaren hagu na zuciya bayan 'yan bugu, jijiyoyin sun buɗe. Babu maganin sha da aka tabbatar yana warkar da wannan, amma dashen hanta yakan mayar da huhun daidai a yawancin waɗanda aka yi wa, cikin watanni.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda Mantz da Craige suka bayyana a 1951. A wasu majinyatan, kimanin biyar cikin ɗari na waɗanda ake tantancewa domin dashen hanta, jijiyoyin huhu kan yi kauri su ƙuntace. Ɓangaren dama na zuciya sai ya riƙa tura jini da ƙyar ta ƙuntatacciyar hanya, ya kumbura, a ƙarshe ya gaza. Wannan hawan jini ne na huhu kaɗai, wanda abin awon da ake ɗaurawa a dantse ba ya nuna shi. Idan ya yi tsanani yakan hana a yi dashen ma, sai an fara sauko da shi da magungunan buɗe jijiya. A nan bututun yana da abin faɗa: ƙofar jijiyar huhu takan rufe da ƙarfi, sautin zuciya na biyu ya yi kaifi a gefen hagu na ƙashin ƙirji. Sautin da Laennec ya ji amma ya kasa fassarawa shi ne ɗaya daga cikin alamun farko da ɗalibin likita yake nema a ƙirjin mai ciwon hanta da ya fara haki.

Muƙami, abokan gaba da komawa gida

Rubuta littafin ya kusa ƙarasa shi. A watan Oktoban 1819, wata biyu da fitowarsa, ya ajiye aiki ya koma gidan gonar danginsa da ke Kerlouarnec, kusa da garin masunta na Douarnenez. Ya yi shekara biyu yana noma, yana hawan doki, yana murza katako, yana duba manoma da harshensu. Jikinsa ya murmure, ya yarda har zuciyarsa cewa iskar teku magani ce. Bayan ya koma Paris a ƙarshen 1821 har ciyawar teku ya sa aka riƙa kawowa ana shimfiɗawa a ɗakin masu tarin fuka, ko za ta kawo musu iskar Bretagne. Ba ta kawo ba.

A wannan shekarar John Forbes ya fassara littafin zuwa Ingilishi, ko da yake shi kansa mai fassarar ya yi shakkar likitocin Ingila za su rungumi na'urar. Ɗalibai kuwa daga Ingila da Jamus da Amurka suka yi ta kwarara Paris domin su koyi saurare daga bakin mai shi. A 1822 aka ba shi kujerar farfesa a Collège de France. A ƙarshen shekarar gwamnatin sarki ta rufe makarantar likitanci ta Paris bayan wata tarzomar ɗalibai, ta sallami malamai da dama da take zargi da ra'ayin sauyi, cikinsu har da dattijo Philippe Pinel. Da aka sake buɗewa a 1823, Laennec na cikin waɗanda aka naɗa. Cancantarsa ba abin musu ba ce, amma ya hau kujerar ne ta ƙofar siyasa, kuma abokan aikinsa da ɗalibai da yawa ba su yafe masa ba.

Babban abokin hamayyarsa shi ne François Broussais, tsohon likitan soja mai kakkausar murya da farin jini a wurin matasa. Broussais yana koyar da cewa kusan kowace cuta daga kumburin ciki da hanji take, maganinta kuma hana abinci da zuƙe jini da matsattsaku. A zamanin tasirinsa Faransa ta riƙa shigo da matsattsaku miliyoyi a shekara. Yana yi wa Laennec ba'a da cewa mai tara sunayen raunuka ne a gawa, wanda ba ya warkar da kowa. Zargin yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin Laennec ya iya gane cuta fiye da kowa a zamaninsa amma abin da yake da shi na magani kaɗan ne, kuma sinadarin sa amai da yake ba masu namoniya da yawa shi ma guba ne. Bambancin shi ne abin da Laennec ya bayyana yana nan a jikin mutane ana iya sake ganinsa, ginin Broussais kuwa ya rushe tun mai shi yana raye.

A watan Disamban 1824, yana da shekara 43, ya auri Jacquette Guichard, wata bazawara 'yar'uwarsa ta nesa wadda take kula masa da gida. Ta sami ciki, ya yi murna ƙwarai, cikin ya zube. Ya duƙufa kan bugu na biyu na littafinsa, wanda ya sake wa tsari gaba ɗaya ya kuma mayar wa Broussais martani a ciki. Kafin ya kammala a 1826, tari da zazzaɓi da rama sun kama shi. Ya miƙa bututun ga Mériadec Laennec, ɗan baffansa Guillaume kuma ɗalibinsa, ya ce ya saurari ƙirjinsa. Mériadec ya ji abin da malaminsa ya koya masa ji a ƙirjin masu tarin fuka.

A ƙarshen watan Mayun 1826 ya bar Paris da matarsa a keken doki, tafiya mai tsawo da wahala zuwa Kerlouarnec. Ya yi makonni ana fitar da shi ya sha iska a gona, yana raba abin da ya mallaka. Takardunsa na likitanci da agogonsa da bututun saurarensa ya bar wa Mériadec. Ana ba da labarin cewa a ranarsa ta ƙarshe ya zare zobban hannunsa da kansa ya ajiye a kan teburin gefen gado, don kada ya bar wa wani wannan aikin. Ya mutu a ranar 13 ga Agustan 1826 yana da shekara 45, aka binne shi a maƙabartar ƙauyen Ploaré da ke kallon tekun Douarnenez.